Yis ɗin Genute

Saura mako biyu a cika shekara da rasuwar Genute, mijinta Zigmas ya jawo igiya ya fito da kwalbar yis ɗinta na tayar da giya daga rijiya, inda take ajiye shi don sanyi. Ya buɗe, ya shinshina, ya kau da kai. Yis ya mutu, ya yi baƙi kamar laka. Kada wani ya ɗora wa rijiya laifi. Yis rai gare shi, wanda ya shekara bai leƙa shi ba shi ya kashe shi.

A ƙauyensu na kusa da garin Birzai, ranar cikar shekara dangi kan taru su sha giyar gidan mamaciya. Tsiron sha'ir yana da shi, furen ɗaci da ake sa wa giya ma na rataye a rumbu. Ya gwada ƙaramin tulu da yis ɗin kanti. Giya ta tashi, amma kurɓi ɗaya ya yi ya zubar. Babu ƙamshin tuffa, babu ɗan garɗin nan na ɓawon burodi da ke tsayawa a maƙogwaro. Giyar kowa ce, ba ta Genute ba.

Mutum ɗaya ya rage da irin yis ɗin, Stase, yayar marigayiya, don a hannun uwa ɗaya suka gaje shi. Tun ranar jana'iza ba sa ga maciji. A gaban jama'a ta ce shi ya bar ƙanwarta da ɗaukar bokitai har bayanta ya ƙare. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta yi masa ciwo.

Ya je gidanta ya same ta tana feraye dankali.

"Yau kuma wa ya mutu?" in ji ta.

"Yis ne, Yaya."

"Ka kashe shi dai. Kai ko dutse aka ba ka amana sai ya rame."

"Cokali biyu kawai za ki sam min."

"In ba ka ka dafa shi? Je ka haɗa ruwan tsironka, gobe ina tafe."

Da hantsi ta iso, kwalba naɗe cikin gyale. Ta tsoma gwiwar hannu a gangar ruwan tsiron ta ce, "Wannan ai na fige kaza ne." Sai da ya huce ta juye yis, ta lulluɓe gangar da bargo.

Daga nan doka ta hau kansu. Muddin yis ya shiga, ba a ɗaga murya, ba a faɗin baƙar magana a gidan sai ya kama aiki. In aka yi, ya yi fushi, giya ta yi tsami. Suka zauna a benci ɗaya. Stase ta dubi tukwanen da suka kwana uku ba wanki, ta buɗe baki, ta dubi ganga.

"Tukwanen nan naka," ta ce da ƙyar, "manya ne."

"Za ki sha shayi, Yaya?"

"In dai kofin ya taɓa... Zan sha."

Da aka cire zagi, ba abin da ya rage tsakaninsu sai Genute. Stase ta ba shi labarin yadda Genute tana yarinya take lasar kumfar giya a ɓoye, gemun kumfar ya tona mata asiri. Ya yi dariya yana toshe baki.

"Da na karɓi bokitan nan," in ji shi can.

"Da ba ta ba ka ba. Ni ma ta hana ni."

Wajen la'asar Stase ta kara kunne a jikin ganga, ta jawo hannun rigarsa.

"Zo ka ji."

Ya durƙusa. A ciki yis na ta ƙus-ƙus, kamar yayyafi a kan ciyawa. Ya daɗe kumatunsa na manne da katako, kafaɗunsa na rawa. Stase ta ga bai da niyyar tashi, sai ta naɗe hannun riga ta nufi tukwane, tana ɗaga su a hankali kada su yi ƙara.