Ɗakin Da Babu Shi a Zane

Wata huɗu ke nan kafintan da matarsa suna kwana a tsakiyar kwalaye. Tun ranar da ciniki ya faɗa matar ta naɗe kwanuka a tsofaffin jaridu, ta sauke labulaye, ta bar tukunya biyu kawai a waje, don an ce musu cikin sati shida za a gama komai. Yanzu kullum sai ta farke wani kwali tana neman mazubin gishiri ko zanen gado, ta mayar ta liƙe tana tsaki.

Ba don son ransa ya sa gidan a kasuwa ba. Shekararsa sittin da bakwai, baya ya ƙi, yara duk sun watse, ga matar da hawan jini. Babbar 'yarsu ce ta samo musu ɗan ƙaramin gida kusa da ita, kusa kuma da asibiti, mai gidan yana ta jira a kawo masa kuɗi. Wadda za ta sayi nasu wata nas ce, mace mai sanyin magana, kuma da bashin banki za ta saya. Shi kuwa banki ba ya sakin ko sisi sai lauyarsa ta tabbatar masa takardun gida ba su da tabo.

Ofishin lauyar yana saman wani shagon taya. Matakala ashirin da biyu ce, kafintan ya san adadinta don gwiwoyinsa sun sha gaya masa. Gajeruwar mace ce mai tabarau a rataye a wuya, kullum tana danne takardu da kofin shayi kada fanka ta kwashe su. Ba ta da mugunta, sai dai ba ta taɓa kiransa da labari mai daɗi ba.

Da farko aka ce ya kawo takardar fili ta asali. Ya kawo. Aka ce shaidar biyan harajin gida ta shekara uku. Ya yi kwana biyu a layi ya samo. Sai aka gano sunansa a takardar fili ya sha bamban da na katinsa da harafi ɗaya, dole ya je kotu ya rantse cewa shi ne shi. Bayan nan bankin ya ce matarsa ma ta zo ta sa hannu cewa ta yarda a sayar.

"Ikon Allah," in ji ta, tana haki a saman matakala. "Shekara arba'in ina gidan mutumin nan bai taɓa tambayata na yarda ba. Yau banki ya tambaye ni."

Lauyar ta yi dariya har ta cire tabarau. Ranar kafintan ya koma gida da tunanin an zo gangara.

Ashe da sauran rina a kaba. Ranar wata Talata bankin ya turo mai awo, wani dogon mutum da igiyar awo a ƙugu da zanen gidan a hannu. Ya auna falo, ya leƙa silin, ya buɗe famfo ya rufe. Da suka fita bayan gida sai ya tsaya cak.

"Baba, wannan fa?"

"Ɗaki ne."

"Na ga ɗaki ne. Ai babu shi a zane."

Shekara goma sha tara da suka wuce kafintan ya gina ɗakin, lokacin da mahaifiyarsa ta kasa zama ita kaɗai. Magini ya ɗora bulo, sauran duk da hannunsa ya yi. Ya faɗaɗa ƙofar don a iya shiga da ita mutum biyu a riƙe, ya sauko da taga ƙasa-ƙasa don ta riƙa ganin tsakar gida daga kwance, ya kafa katako a jikin bango wanda take dafawa zuwa banɗaki. Shekara shida ta yi a ciki, a nan kuma ta cika. Bai taɓa kawowa a ransa cewa mutum na neman izini kafin ya yi wa uwarsa ɗaki a cikin gidansa ba.

Ya yi wa mai awon wannan bayani duka. Mutumin ya saurara da ladabi, ya ce Allah ya jiƙanta, sannan ya ɗauki hoto.

Kwana uku bayan haka lauyar ta kira shi. "Baba, banki ba zai ba da kuɗi a kan gidan da ke da gini marar izini ba. Ko dai ka samo izinin, ko a cire ɗakin. Kuma alkawarin da suka yi wa nas ɗin zai ƙare ƙarshen watan gobe. In ya ƙare, sai ta sake nema tun daga farko."

"'Yata, ɗakin nan shekara goma sha tara yana tsaye, ko tsagewa bai yi ba."

"Na sani, Baba. Ba ƙarfinsa suke tambaya ba."

Sau uku ya je ofishin ba da izinin gini. Zuwan farko mai teburin ya tafi taro. Na biyu aka ba shi fom, aka ce ya dawo da hotuna. A na uku wani dattijon ma'aikaci ya ji tausayinsa, ya shimfiɗa zanen a kan tebur ya ɗora yatsa. Ɗakin ya hau kan layin bututun ruwan datti da ya bi ta bayan gidajen unguwar. Ko shekara goma zai yi yana sintiri, ba wanda zai sa hannu a kai.

Ƙanin matarsa, wanda ba ya rasa dabara, ya ce a cire ƙofa da taga kawai, a zuba tarkace a ciki a ce rumfar ajiya ce. Kafintan ya kai wa lauyar wannan shawara yana jin kunyar kansa. Ta dube shi ta saman tabarau.

"Sunana ne zai hau takardar, Baba. Ka gaishe min da surukin naka."

Da yammacin ranar nas ɗin ta zo gidan, daga wurin aiki kai tsaye, idanunta sun yi zuru-zuru. Matar kafintan ta jawo mata kwali ta zauna a kai, don kujerun duk an ɗaure su.

"Baba, ban taɓa faɗa maka ba," in ji ta. "Gida bakwai na duba kafin naku. Ɗakin nan ne ya sa na tsaya a nan. Mahaifina ɓarin jikinsa ya shanye, a keke yake. Ranar da na fara zuwa na auna ƙofar da mayafina, na ga kekensa zai shige ba tare da an ɗaga shi ba."

Kafintan ya juya ya dubi wajen ɗakin. Can ya ce, "Wato in rushe abin da kika zo saya, don a ba ki kuɗin sayensa."

"Haka ya zama, Baba."

Suka yi dariya su biyun, irin wadda ba ta kai ciki ba.

Bayan ta tafi ya ce da matarsa shi fa ya fasa, a zauna a haka har Allah ya yi ikonsa. Ba ta yi masa gardama ba. Ta ce, "To, Malam. Sai ka kira 'yarka ka gaya mata, ka kira yarinyar nan ka gaya mata, ka kuma samo wanda zai riƙa kai ni asibiti." Ta juya ta ci gaba da tsince shinkafa. Washegari da safe ya nemi guduma da abin cire ƙusa.

Bai bari kowa ya taɓa katakon ba. Da kansa ya sauke kwanon rufi, ya zare ƙofar da gidanta, ya kwance taga, ya ɓamɓare katakon bango, yana jera ƙusoshi a gwangwani kamar yadda ya saba. Abin da da zai yi a wuni ɗaya ya ci masa kwana uku. Bulon kuwa leburori biyu ya ɗauko. Da suka fara dukan bangon ya fita ƙofar gida ya zauna a kan benci, yana amsa gaisuwar masu wucewa, har ƙarar ta tsaya.

Mai awo ya dawo, ya ɗauki hoton daɓen siminti, ya yi sallama. Ko minti biyar bai yi ba.

A kwanakin da suka rage kafintan ya fasa gefen ƙofar ɗakin da ke kusa da falo, ya kafa faffaɗar ƙofar a wurin, ya mayar da katakon dafawa a bangon ciki. Da ya je ofis ya tambayi lauyar ko wannan ma sai banki ya yarda.

"Ƙofar cikin gida ba ruwan kowa da ita," ta ce. "Amma sun ce saura takardar inshorar gobara."

Wannan ta ci wani satin. Saura kwana biyu alkawarin banki ya ƙare aka kira su ofishin lauyar su sa hannu. Wuri goma sha bakwai kafintan ya rattaba, har yatsunsa suka ƙage. Ya miƙa wa nas ɗin makullai a ɗaure da igiya, ya gaya mata famfon kicin sai an murɗa shi da lallami. Ta durƙusa ta yi godiya, ya ce ta gaida mai jiki.

Ya sauko ya zauna a tashar bas da ke gaban shagon tayar. Bas ɗin unguwarsu ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, bai motsa ba. Wayarsa ta yi ƙara, 'yarsa ce.

"Baba, an gama?"

"An gama."

"Alhamdu lillahi! Shi ne kake magana haka kamar ba ka yi murna ba?"

"Zan yi," ya ce. "Bari in huta tukuna."