Baitin Jalisa

Sau tara ke nan Jalisa tana shiga baitin, sau tara tana tuntuɓe a layi na biyu.

Latrice Boykin na zaune a kujerar roba, jaka a cinya, tana kallon 'yarta ta cikin gilashi. Ɗakin ɗaukar murya na cocinsu da ke kudancin birnin Memphis, da can ma'ajiyar rigunan mawaƙa ne a ƙasan ginin. Cedric, mai kaɗa fiyano ranar Lahadi, shi ya liƙa soso a bango, ya raba ɗakin biyu da gilashi, ya kafa kwamfuta. Ƙamshin tarwaɗar da mata ke soyawa a sama yana gangarowa ta matakala.

Cocin zai cika shekara saba'in da biyar, ana haɗa faifan waƙoƙi. An ɗauki muryoyin manya tun makon jiya. Saura baiti ɗaya na yara, layi huɗu kacal, kuma cikin yara goma sha biyu Jalisa aka zaɓa.

Shekararta tara, kuma da in'ina ta fara magana. A aji ba ta ɗaga hannu ko da ta san amsa. Amma in ta buɗe baki da waƙa, sai ka rantse wata yarinyar ce, ko gargada babu. Waƙa ce kaɗai inda harshenta bai taɓa ba ta kunya ba, Latrice kuwa tana tsaron wannan fili kamar yadda take tsaron ƙofar gidanta.

"Na goma, gimbiya," in ji Cedric ta makirfonsa. "Kada ki damu, kwamfuta ba ta gajiya."

Ya danna. Jalisa ta gyara hedifon a kunne, ta shiga daidai. Layin farko ya fita, sai dai a ƙarshensa ta fara jan ƙafa. A na biyu ta maimaita gaɓa ɗaya sau uku, ta tsaya, ta sunkuyar da kai.

Mama Verlene Pruitt, wadda ta shekara talatin da ɗaya tana shugabancin mawaƙa, ta ajiye maficinta.

"'Yar'uwa Latrice, matso." Ta yi ƙasa da murya. "Yarinyar nan ta tsorata. Ba laifinta ba ne, amma kada mu wahalar da ita. Jikar Dikon Hollis, dattijon cocinmu, ta iya baitin, tana sama ma yanzu."

"Mama, da safen nan a mota ta rera shi sau uku. Tun daga unguwarmu Whitehaven har ƙofar nan."

"Mota daban, makirfo daban, 'yata."

Cedric ya juyo da kujerarsa. "Da fiyano ne da tuni na gyara. Shi da MIDI nake ɗauka: ba sauti kwamfuta ke kamawa ba, rubutawa take wane maɓalli na danna, yaushe, da wane ƙarfi. In yatsa ya zame sai in ja wurin da linzamin kwamfuta ya koma daidai. Murya kuwa, abin da ya fito ya fito. Iyakaci in tsinto masu kyau cikin goman nan in harhaɗa."

"Ba za a yi wa 'yata faci ba," in ji Latrice. Ta miƙe ta tura ƙofar gilashin.

Ta durƙusa gaban yarinyar, ta cire mata hedifon, ta share mata gumin goshi da tafin hannu.

"Ma-mami," in ji Jalisa, idonta a ƙasa. "Ta shigo."

"Me ya shigo?"

"In'inar. Ta shi-shigo waƙar ma."

Latrice ta riƙo hannun 'yarta. Baiti ba komai ba ne, a ba jikar Dikon, a ba kowa. Amma in yarinyar nan ta hau matakalar can da wannan magana a ranta, ba za ta ƙara buɗe baki ba, ko a mota.

Latrice ta ɗora hedifon a kanta don ta ji amsar Cedric, ta matsa ga makirfo. "Ɗan'uwa Cedric, ba mu minti bi…"

Ta tsaya. Muryarta ta fita daga bakinta, sannan ta dawo mata a kunne a makare, kamar wata na bin ta a baya tana maimaitawa. Ta sake cewa "minti biyar," sai harshenta ya sarƙe.

Ta san wannan abin. Shekara shida tana amsa wayar masu ƙorafi a kamfanin kai kaya. Ranar da layi ya lalace yana maido mata muryarta, ita da magana ce sana'arta, sunanta ma gagarar ta faɗi yake.

"Cedric, me ya sa muryata ke zuwa bayan na gama magana?"

"Ɗan jinkiri ne, bai kai ƙiftawar ido ba. Manya ma ba su yi kuka ba."

"Manyan da hedifon suka rera?"

"A'a, su a sama na ɗauke su, ina kaɗa musu suna…" Bai ƙarasa ba. Ya juya ga allon kwamfutar, ya buɗe wani ɗan akwati a cikinsa, ya dafe ƙeya. "Wayyo ni. Cikin makon nan na ƙara ganguna da kakaki da goge, kayan kiɗa ashirin da wani abu, duk kwamfuta ce ke ƙera sautinsu. Da ta fara shaƙewa sai na ƙara mata lokacin numfashi, shi ke jawo jinkirin. Na manta ban mayar ba. Ni sauraro kawai nake, ba na ji. Ba ni minti biyu."

"Tsaya. Kada ka taɓa komai tukuna."

Gyaran na'ura ba zai cire abin da ya riga ya zauna a zuciyar yarinya ba. In aka ce mata laifin kwamfuta ne, za ta ɗauka lallashi ne irin na manya, ta sha jin irinsa. Latrice ta leƙo ƙofa.

"Mama, don Allah ki zo ki nuna mata yadda ake shiga baitin."

"Ni?" Mama Verlene ta miƙe tana gyara siket. "Tun kina rarrafe nake waƙa. Kawo nan. Ki bi min gashi a hankali, jiya aka yi shi."

Cedric ya dubi Latrice, ta ɗaga masa gira. Ya danna.

Mama Verlene ta ja numfashi, ta buɗe muryar nan da ke girgiza tagogin coci. Kalma uku ta yi lafiya. A ta huɗu ta rage gudu, ta ƙara, ta rasa kiɗan. "Ubangi… giji… gijina…" Ta fizge hedifon tana hararar sa.

"Wace mara kunya ce a ciki take kwaikwayona?"

Jalisa ta toshe baki da hannu biyu, kafaɗunta na rawa.

"Yi dariyarki, 'yar nema." Mama Verlene ta nuna gilashin da yatsa. "Kai kuma, sau goma ka bar yarinya tana kokawa da wannan abu? Ranar Lahadi a tsaye za ka kaɗa." Sannan ta sunkuya, gwiwoyinta na ƙara, har fuskarta ta zo daidai da ta Jalisa. "Saurara. Ni layi ɗaya ban kai ba. Ke kin kai na biyu, sau goma, ba ki gudu ba. Ba harshenki ba ne. Kin ji ni?"

"Na ji, Mama."

Da za ta fita ta dafa kafaɗar Latrice, ta ɗan matsa.

Cedric ya dunƙule kayan kiɗan duka suka zama sauti guda, ya kashe masu nauyin, ya rage jinkirin. Latrice ba ta yarda da bakinsa ba sai da ta sa hedifon ta ƙyasta yatsu gaban makirfo, ta ji ƙarar ta zo tare da yatsun. Sannan ta ɗora wa 'yarta, ta gyara mata kitso, ta fito ta ja ƙofa.

Jan layi ya fara tafiya a allo. Jalisa ta shiga. Layi na ɗaya. Na biyu ya wuce sumul, ita kanta sai da ta zaro ido. A na uku ta saki wayar hedifon da ta ƙanƙame tun rana, ta ɗaga kai. Na huɗu ta riƙe shi, ta riƙe, siririyar murya mai tsabta, har kiɗan ya sauka ya bar ta ita kaɗai.

Cedric ya ɗaga hannu kada kowa ya motsa sai sautin ya gama mutuwa. Latrice ta damƙe jakarta da hannu biyu. Ba ta taɓa jin daƙiƙa uku masu tsawon waɗannan ba.

Ya danna. "Shi ke nan. An samu."

"Amin," in ji Mama Verlene, tana laluben hankici.

Jalisa ba ta cire hedifon ba. Ta matso ga makirfo, ta ɗan yi ɗage.

"Ka-kawu Cedric, a sake. Na ukun zan iya fin haka."

Cedric ya waiwayo yana neman izini. Latrice ta koma kujerarta, ta harɗe ƙafa.

"Me kake kallona? Ka ji abin da mai waƙa ta ce."