Jar Tutar Filin Harbi

Maganar ta fara ne daga ƙofar coci, kafin azahar har ta kai gidan burodi: wai sojojin mulkin mallaka sun tsince duk harsasan igwa da ba su fashe ba a filin da suke koyon harbi, tunda yarjejeniyar barin tsibirin ta ce haka. Babu wanda ya karanta yarjejeniyar. Hujjar kowa ɗaya ce: jar tutar da ke kan tudu ta sauka.

Tun zamanin kakanni ƙauyen yake bin tutar nan. In tana sama, ko akuya ba a kaiwa. In ta sauka, mata su shiga bakin filin su yi ciyawa. Yanzu ga ta a ƙasa kwana da kwanaki, ga ruwan farko ya jiƙa ƙasa.

Rozina ta shekara talatin tana koyarwa a makarantar ƙauyen kafin ta huta, ta kuma san yawancin abin da ake cewa “kowa ya sani” mutum guda ne ya faɗa. Ta iske ƙanenta Wenzu yana gyaran garma, domin gonar mahaifinsu tana tsakiyar filin.

“Gobe zan sa alfadari, Yaya. Tun ina da gashi nake jiran gonar nan.”

“Wa ya ga an tsince?”

“Ai tuta ta sauka.”

“Tuta na tambaye ka? Da gashin kanka ya zube, har da abin cikin kan ya tafi?”

“To, Malama, kawo bulala. Limamin coci ma ya faɗa.”

“Shi ba garma zai riƙe ba. Ba ni yau kaɗai, Wenzu.”

Ta yafa baƙin mayafi, ta hau motar haya zuwa bariki. Wurin ya zama kamar gidan da ake tashi: gadaje a waje, akwatunan katako jere, ana loda su zuwa tashar jirgin ruwa. Ba wanda ya tare ta. Ta sami wani ƙaramin hafsa, kunnuwansa jajur saboda rana, ta tambaye shi da harshensu, dalla-dalla, yadda take yi wa ɗalibai.

“An yi alkawarin taimako, Mama,” in ji shi. “Za a gyara hanya, za a bar muku injin ruwa.”

“Filin nake tambaya, ɗana.”

Ya sunkuyar da kai. “An ce za a turo masu sharewa.”

“Yaushe?”

“Ba a sa rana ba.”

“To me ya sa kuka sauke tuta?”

Ya dube ta kamar bai gane ba, sannan ya nuna wani akwati. “Kayan bariki ce. Da ita za mu tafi.”

Da la'asar ta dawo. Wenzu bai jira goben ba; ta hango shi ya riga ya tsallake katangar duwatsun filin da alfadarinsa, maƙwabta biyu na biye da shi da fatanyu. Ta manta da ciwon gwiwarta, ta bi su tana kiran sunansa har ya ja linzami.

Sai da numfashinta ya daidaita ta yi magana.

“Babu wanda ya zo ya share filin nan. Ko harsashi ɗaya ba a cire ba.”