Tsintsiyar Fumie Ta Wuce Iyaka

A unguwarmu ta masaƙa a Kyoto, mace kan share ƙofar gidanta da safe, ta ɗan taɓa gaban na maƙwabciya, ta tsaya. In kin share mata duka, kin kira ta ƙazama ke nan. Shekara da shekaru ni da maƙwabciyata Fumie ba wadda ta ƙetare wannan iyaka, ko muna gaba.

Sai ga shi wata safiya na zuge ƙofa na tarar an share mini gaban gida tas, har da yayyafa ruwa. Raina ya ɓaci. Washegari ma haka.

Ni ba yarinya ba ce. Gidajenmu na katako ne, sirara, bango ɗaya muke tarayya. Rabin layin nan masu otal sun saye sun rushe, ƙarar masaƙa ta ɗauke, sai ta akwatunan baƙi. In Fumie ta sayar aka cire nata, nawa ba zai tsaya da ƙafarsa ba. A nan mijina ya yi ta saƙa ɗamarar kimono, rigarmu ta gargajiya, har ya rasu. Gidan ya koma sunan ɗanmu Shigeharu, ni kuwa a nan nake so in mutu.

Na fara sa mata ido. Ta daina haɗa ido da ni a kasuwa. Ta kawo mini alawar wake ba gaira ba dalili. Sannan wani mai kwat ya shiga wurinta da abin awo, na manna kunne a bango ina jin yana ƙwanƙwasa ginshiƙi.

Na buga wa Shigeharu waya a Osaka. "Mama, ke dai da zargi," in ji shi. "Ki bar tsohuwa ta yi shararta." Ya kashe da sauri, wai yana taro.

Da sassafe na laɓe bayan ƙofa. Tana tsallako iyaka na zuge.

"Sannu da aiki, Fumie-san. Tsintsiyar ce ta ƙara tsawo, ko idona ne?"

"Af, Tokiko-san, kin tashi?"

"Tuni. Gyara layin ake yi masu saye su gani? Yaushe za ki kwashe?"

"Ni? Ina za ni da wannan gwiwar?"

"To mai kwat ɗin fa? Surukinki ne?"

Ta murza tsintsiya. "Izini ya nema ya duba bangon ta ɓangarena, kada nawa ya faɗi in sun fara rushe naki. Shigeharu ne ya turo shi." Sai ta ɗago ta dube ni, fuskarta ta sauya. "Na zaci kin sani. Na ce kina fama da haɗa kaya, bari in ɗauke miki sharar."

Na dubi ƙofar gidana, ko ganye ɗaya ba ta bar mini in share ba.