Yayen Maimuna

Ranar sadakar bakwai ta Baba Hamidu Soja, kukan Gwaggo Indo ya riga ta shiga gida. Tun daga bakin titin Kalgo, inda motar Gwandu ta sauke ta, ta fara rera shi. Hajjo, matar Lukuman ɗan mamacin, tana gaban tanda tana soya masar sadaka. Ta ɗago ta dubi idon tsohuwar. A bushe yake ƙayau, ko kwallin bai motsa ba.

Yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, amma tun da aka kawo Hajjo gidan nan ba ta taɓa ganin ƙafarta ba. Su gidan malamai ne a Gwandu, ba su yafe wa Hamidu shiga soja da ya yi lokacin yaƙin basasa ba. Da ya dawo da kunne ɗaya a toshe, ya kafa rumfa a Kalgo yana liƙin bokiti da gyaran keke da fitila, sai laifin ya zama biyu, ga soja ga mai faci. Hakan bai hana su aiko masa da rediyonsu ta hannun direba in ta mutu ba. Gaisuwa ce dai ba ta samun wuri a motar.

"Wayyo ƙanena, namijin duniya!" in ji Gwaggo, tana zubewa kan tabarmar da ta fi kowace kyau. "Ƙafar nan tashi da harsashi ya ci, har ya koma ga Allah yana ɗingishi!"

Hajjo ta juya masar da ke tanda da ƙarfi har mai ya fantsalo. Baba bai taɓa ɗingishi ba. Da ƙafar nan yake taka keke zuwa Wurogauri gyaran injin niƙa, ya dawo da rake a ɗaure a baya saboda mutan gida. Shekarar da ciwon baya ya kwantar da matarsa Inna Salamatu, shi yake jan ruwa, shi yake hura wuta. In 'yan majalisar hira suka fara yi masa tsiya, sai ya juya musu kunnen da ba ya ji, ya ci gaba da aikinsa. Ranar da jikarsa Maimuna ta fara rarrafe bai fita rumfa ba. Ya yanka tsohuwar ganga ya yi wa rijiya murfi har da kwaɗo, ya ja ɗan gini ya kewaye murhu, ya bi duk bakin kwanon da ke gidan ya lanƙwashe kaifinsa. Shi ya riƙa kai ta rigakafi, tun da uwar ba ta da fuskar yin rawar jiki a kan 'yar fari.

Sai da Gwaggo ta share kwanon masa, ta kora da kunu, sannan idonta ya faɗa kan Maimuna tana dabo a tsakar gida.

"Wagga ita ce ɗiyar Lukuman? Ai ta isa yaye! Da Hamidu na da rai shi ne mai riƙo. Tun da babu shi, ni ce. A haɗa mata tsummanta, da ita za ni koma."

Mata suka ce Allah ya bar zumunci. Ba wadda ta dubi Hajjo, don ba a tambayar uwa a kan 'yar fari. Ko sunanta ba ta faɗi, sai dai ta ce "yarinyar nan". In an ce za a ɗauka, nata sunkuyar da kai.

Ta sunkuyar ɗin, amma abin da ta gani a ƙasa gidan Gwaggo ne. Sau ɗaya aka kai ta gaisuwa can tana amarya. Rijiya baki buɗe, daidai da ƙasa, an jefa mata yagaggiyar tabarma. Ƙyauren ɗaki an tokare shi da turmi. Yaran riƙo kuwa, tun bakinsu bai gama buɗewa ba an ɗora musu ƙwaryar fura, ɗayansu da tabon wuta daga gwiwar hannu har kafaɗa.

Ta leƙa zaure ta yafito mijinta.

"Ka ji abin da ake shiryawa ciki?"

Lukuman ya sosa ƙeya. "Gwaggo ce fa, Hajjo. Mi zan ce mata? Ga mutane."

Ta dube shi sama da ƙasa. Tsawon uban kam ya ɗauko, da faɗin kafaɗar.

Kafin ta dawo, Gwaggo ta damƙe tsintsiyar hannun yarinyar, tana cewa a nemo maɗaci a shafa wa uwar a nono, a yi ta ta ƙare yau. Maimuna tana ta fizga, tana waige. Inna Salamatu tana ƙofar ɗakin takaba da carbi, hawaye na bin fuskarta.

"Maimuna!" in ji Hajjo. "Maimunatu, zo nan."

Wata ta saki ludayi, wata ta ɗauki salati. Hajjo ta taka har tabarmar, ta ɓamɓare yatsun tsohuwar ɗaya bayan ɗaya, ta zauna nan gabanta ta sa wa 'yarta nono a baki.

"La'ilaha! Ke ɗiyar nan, ina kunya? Ɗiyar fari, gaban surukai?"

"Gwaggo, ku yi haƙuri. Ba ta zuwa."

"Ɗiyar ƙanena ce! Jinina!"

"To kun san sunanta, Gwaggo, kafin in faɗa yanzu?"

Tsohuwar ta kau da kai. Ta juya wajen Inna Salamatu. "Kina ji? Irin tarbiyyar barikin da ya bari ke nan!"

"Ina ji, Indo," in ji Inna a hankali. "Bar mata ɗiyarta."

Gwaggo ta rantse ba ta ƙara taka gidan. Ba wanda ya ga abin da zai ragu in ba ta zo ba. Ta yafa mayafi, ta sa aka ƙulle mata masa a leda, ta fita tana faɗin abin da za ta gaya wa mutan Gwandu.

Hajjo ta san kafin kasuwa ta ci labarin ya kai Masama wajen uwarta, kuma sunan marar kunya ya zauna mata ke nan. Ta goya Maimuna, ta ɗaure majanyi tamau, ta koma gaban tanda. Matan da ke taya ta ɗazu duk sun ja gefe.

Lukuman ya shigo ya tsaya a kanta. "Kin ja mana magana, Hajjo."

"Na ja," ta ce. "Miƙo mini itacen can, wuta za ta mutu."