Keken da Aka Tsamo Daga Kwata

Shagon Dogo ɗaki ɗaya ne a ƙarshen layin masu walda, da 'yar rumfar kwano a gabansa. Tun yana saurayi yake gyaran keke a wurin. Aikinsa bai wuce faci, ɗaurin birki, da miƙe ƙafar da ta karkace ba, kuma bai taɓa raina abin da yake samu ba. Yana cikin wannan zama wani sabon yayi ya shigo gari, ƙanensa kuwa shi ya jawo masa yayin har cikin shago.

Ƙanen nan shi ne autan gidansu, kowa Gayu yake ce masa. Ya taɓa sayar da waya, ya taɓa tuƙi, ya taɓa aski, babu sana'ar da ta yi masa wata uku a hannu. Wata safiya ya shigo yana ƙamshin turare, ya tsaya a kan yayansa yana kallon tif ɗin da yake liƙewa.

"Yaya, kana nan kana faci duniya ta wuce ka. Yanzu samari ba-hutu suke hawa."

"Mene ne kuma ba-hutu?"

Gayu ya tsuguna ya yi bayani yana zane a ƙasa da tsinke. Keken da kowa ya sani yana da firiwil a ƙafar baya, shi ya sa in ka zo gangara sai ka tsayar da ƙafarka keke ya yi ta tafiya. Shi kuwa wannan, faifan haƙora ɗaya ake ɗaurewa tamau a jikin ƙafar, muddin taya na juyawa to feda ma tana juyawa, ko kana so ko ba ka so. Babu giyar canja gudu, babu kariyar ɗora kaya, babu madigadi.

"To in mutum ya gaji fa?" in ji Dogo.

"Ai sunan keken ke nan, Yaya."

"Birki fa?"

Gayu ya yi dariya har da buga cinya. "Birki na tsofaffi ne. Ƙafarka ce birkinka. Ka danne feda baya, taya ta yi ƙiii, ka tsaya."

Dogo ya ja tsaki ya ce wannan ba keke ba ne, neman asibiti ne. Amma da yamma mahaifiyarsu ta aiko a kira shi. Ta ce yau dai autanta ya kama wani abu da hannu biyu, kada ya zama yayansa ne zai kashe masa gwiwa. Dogo ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

Haka aka fara. Gayu ke kawo samari da kekunansu, Dogo ke aikin. Sai ya kwance giyar gaba da ta baya, ya zare wayoyinsu, ya cire ƙararrawa da kwando. Ya warware ƙafar baya ya sake ɗinke ta a kan sabuwar cibiya, ya ɗaura faifan nan guda, ya kulle shi da zobe don kada ya kwance in an danna baya. Ya rage sarƙa, ya yi ta kashe ido ɗaya yana dubawa har ta miƙe sak daga gaba zuwa baya, ba sako-sako ba, ba ta yi tsauri ba. Daga nan Gayu ya karɓa, ya sa injin gurza ya share duk wani kunnen ƙarfe da waya ke bi, ya fesa fenti mai kashe ido, wani ruwan ɗorawa, wani kore shar.

Aikin yana fita da kyau, wannan kam ba a musu. Sai dai duk lokacin da Dogo ya kama lafiyayyen keke yana tuɓe shi, ji yake kamar yana figar kaza da ranta. Birkunan da yake cirewa a wani tsohon baho yake jefa su a lungu, har bahon ya yi tozo. Duk saurayin da ya zo sai Dogo ya ce masa, "Ka bar ko na gaba mana." Su kuwa sai su dubi juna su yi murmushi, su ce ai keken zai yi muni.

Wata safiya wari ya riga keken shigowa. Dogo na share gaban shago ya ji wani ɗoyi ya daki hancinsa, ya ɗaga kai ya ga Gayu tafe, ya ɗaure hanci da hankici, yana jan wani abu da igiya nesa da jikinsa. Keke ne, amma sai an lura. Baƙin taɓo ya lulluɓe shi tun daga kai har sirdi. Ledoji da gashi da wani ruɓaɓɓen ƙunzugun jariri sun nannaɗe a wayoyin ƙafa, ƙudaje na biye da shi kamar 'yan rakiya.

"Kai! Fitar mini da wannan ƙazanta!"

"Yaya, ka dubi ƙarfen tukuna. A babbar kwatar ƙarƙashin gada na tsince shi, wani ne ya yar."

Mai walda na maƙwabta ya leƙo yana toshe hanci, ya ce in gawa ce a faɗa musu su yi alwala. Dogo ya ɗebo ruwa a bokiti ya watsa, ya ƙara watsawa. Da taɓon ya zame sai ya ga abin da Gayu ya gani. Tsohon ƙarfe ne na gaske, irin wanda ba a yi yanzu, kuma wurin da ƙafar baya ke zama doguwar tsaga ce, ta yadda za ka ja ƙafar baya ka ɗaure sarƙa yadda kake so. Irinsa samari ke nema ido rufe.

Ya naɗe hannun riga ya zare sirdi, ya kifa keken. Wani baƙin ruwa mai yauƙi ya kwararo daga cikin bututun ya sauka a kan ƙafarsa, da tsutsotsi farare suna motsi a ciki. Ya ruga bayan shago ya yi ta kakari, ya dawo idonsa jajir. Haka ya wuni yana cuɗa ƙarfen da sabulu da kananzir, yana zura tsumma a sanda yana sakace bututu, yana tofar da yawu. Ya kwance giyar da laka ta cinye ya jefar. Kafin ya dawo daga wanke hannu, Gayu ya riga ya sa zarto ya datse kunnen da giyar baya ke rataya.

Da la'asar abokan Gayu suka cika rumfar da kekunansu masu launi. Suka haɗa kai a kan waya ɗaya suna ƙyaƙyata dariya, wani har yana riƙe ciki. Mai koren keke, wani siririn saurayi mai tsinin gemu, ya ɗago ya ce, "Baba Dogo, zo ka ga aikin hannunka yadda yake gudu."

Dogo ya matso yana goge hannu. Bidiyo ne na gangarar gada, da sassafe. Samari sun sako kekuna a guje, ƙafafunsu na juyawa kamar farfela. A gaba wani dattijo ne a kan keke, da katon akwatin burodi ɗaure a baya, yana tafiyarsa a gefen titi. Koren keken ya nufo shi. Mai shi ya danna feda baya, taya ta yi ƙara tana zamewa, amma ina, gudun ya fi ƙarfin ƙafa. Ya daki akwatin. Dattijon ya yi sama ya tsallake ɗan gajeren ginin bakin gada, ya faɗa kwata da shi da keken. Burodi ya watse yana yawo a kan baƙin ruwa. Mutane suka rugo suka jawo shi, ƙafarsa ɗaya tana reto ta inda ƙafa ba ta lanƙwasa. Duk wannan ana yi, mai ɗaukar bidiyon dariya yake yi, wata dariya mai shiga hanci da Dogo ya sani tun mai ita yana rarrafe.

"Mayar baya, mayar baya," in ji wani. "Ka ga yadda hularsa ta tashi!"

Dogo ya juya ya dubi ƙarfen da ya wuni yana wankewa, yana rataye yana ɗigar ruwa. Ya dubi ƙanensa.

"Wannan ne keken da wani ya yar?"

"Haba Yaya, da a can zai ruɓe. Wa zai shiga ya ɗauko? Ni na koma na sa ƙugiya na jawo shi."

"Mutumin yana raye?"

"Mun ji dai an kai shi asibiti."

"Kun ji." Dogo ya nuna musu hanya. "Ku tashi ku bar mini rumfa. Duk ku tashi. Tir da ku, tir da iyayen gidan da suka sake ku a titi."

Samarin suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Gayu ne ya tsaya, ya gyara wuyan rigarsa, ko a jikinsa.

"Ka bi a hankali, Yaya. Ni fenti kawai na fesa wa koren keken nan. Wanda ya cire birkin da hannunsa ya san kansa."

Dogo ya ɗaga sifana, sai kuma ya sauke. Maganar ta zauna masa a ƙirji domin ba ƙarya ba ce. Ya ce, "Fita. Kada in ƙara ganin ƙafarka a nan."

Washegari bai karɓi aikin kowa ba. Ya so ya mayar da keken yadda yake, abin ya gagara, kunnen giya ya riga ya tafi. Sai ya sa masa firiwil mai faifai ɗaya, ya zaɓi mai faɗi don kada feda ta yi nauyi in an ɗora kaya. Ya tona bahon lungu ya zaɓo birki biyu mafi kyau ya ɗaura gaba da baya. Ya miƙe kariyar da ta lanƙwashe, ya shafe ko'ina da giris. Sannan ya tura keken zuwa gidan burodin da ke kusa da gada ya yi tambaya, aka kwatanta masa gidan dattijon.

Ɗaki biyu ne a bayan wani dogon gini, a ƙarshen lungu mai igiyoyin shanya. Ya yi sallama, wata mata mai furfura a goshi ta ɗaga labule. Ta bayanta ya hango mutumin kwance a katifa, an ɗaure masa ƙafa da farin siminti tun daga cinya, ga kwano da kwalaben magani a gefe.

"Mama, keken maigida ne na kawo. An tsamo shi, na ɗan gyara."

Ta dubi keken, ta dube shi, ba ta ce sannu ba.

"Yaran maƙwabta sun nuna mini abin a waya," ta ce. "Har kiɗa aka sa masa. Mijina na nutsewa a ƙazanta, wani yana dariya. Ka san mai dariyar?"

Dogo ya so ya ce bai sani ba, bakinsa ya ƙi. "Ƙanena ne."

Ta ɗan ja da baya, ta tattare bakin zanenta kamar wadda za ta tsallake kwatami. "Jingine shi can."

Daga ciki dattijon ya ce a matso masa da shi bakin ƙofa ya gani. Ya daɗe yana kallo, ya miƙo hannu ya shafa ƙarfen, sannan ya leƙa ƙafar baya.

"Ina giyata, ɗana? Da ita nake hawan tudun kasuwa."

Dogo ya buɗe baki zai yi bayanin faifai mai faɗi, ya ga babu amfani. Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya juya. Bai kai bakin lungun ba ya ji matar tana watsa ruwa a inda ya tsaya.

Gayu bai yi sati yana zaman banza ba. Ya haɗa kai da wani mai gyara a farkon layin, samarin suka koma can ɗungurungum. Daga rumfarsa Dogo yana jin ƙarar tayoyinsu in suna gwada tsayawa, yana jin shewarsu. Shi kuwa ya koma facinsa. Duk wanda ya zo da maganar ba-hutu, sai ya nuna masa farkon layi da baki ba tare da ya ɗaga kai ba.

Inna ta bari ƙura ta lafa, sannan ta aika aka kira mata su biyun. Ta zaunar da su a tabarma ɗaya a tsakar gida, ta yi ta faɗa. Ta ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, yaro ne, ƙuruciya ce ke ɗibarsa. Ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ce ciki ɗaya suka fito, ba za ta mutu ta bar su suna gaba ba. Dogo ya ce, "To, Inna." Gayu ma ya ce, "To, Inna," yana danna waya a ƙarƙashin gwiwa.

Ta kawo abinci a kwano ɗaya ta ajiye a tsakaninsu, ta koma kan kujerarta tana kallo. Gayu ya ajiye wayar ya zura hannu ya kai loma, ya lashe yatsu, ya sake zurawa. Dogo ya dubi gurbin da yatsun suka bari a cikin abincin.

"Sa hannu mana," in ji Inna.

"Cikina ne ba daɗi tun safe, Inna."

"Ko loma ɗaya, don ni."

Ya miƙa hannu ya gutsuro daga can gefen da ba a taɓa ba, ya kai baki. Ya yi ta taunawa, ya yi ta taunawa, lomar ta ƙi wucewa. Gayu kuwa ya jawo kwanon gabansa ya ce in Yaya ba ya ci, shi bari ya taimaka masa.