Hannun Farfesa Whitcomb

Ranar Talata, tara ga Maris na shekarar 2010, a wani asibitin koyarwa da ke jihar Virginia ta Amurka, an kammala gwaji a kan mutum goma sha biyu, kowanne sau biyu. Ana binciken wani sinadari ne da hanji ke saki bayan an ci abinci, ko yana buɗe ƙananan hanyoyin jini na cikin tsoka. Ran farko a ɗura wa mutum sinadarin, rana ta biyu ruwan gishiri zalla, a ɗauki hoton dantsensa a kwatanta. Sharaɗin ɗaya ne: a zo ba a karya kumallo ba.

Na sha biyun shi ne shugaban binciken da kansa, Farfesa Alden Whitcomb, wanda ya miƙa hannunsa da aka rasa mutum. Da hannunsa ya rubuta sharaɗin. Amma da safen ranar ruwan gishiri, a hanyarsa, ya tsaya ya ci donat biyu, fanken nan na Turawa, da kofi mai madara, yana ce wa kansa ba za su nuna ba.

Sun nuna. Ɗalibarsa Noreen ta juyo masa da allon na'urar ɗaukar hoton.

"Farfesa, dubi nan. Ruwan gishiri ne fa, amma jijiyoyinka sun buɗe wangwam! Ko dai kai waliyyi ne, ko an musanya sirinji."

Duka suka dubi Delphine, nas ɗin da ke haɗa allurai.

"Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki, 'yar nan," in ji ta, "ban taɓa musanya ko auduga ba."

Duk da haka Noreen ta ciko takardar rahoton kuskure, wadda za ta shiga fayil ɗin Delphine. Sa hannun Farfesa kawai ake jira. Ya ɗauki alƙalami. Delphine ba ta roƙe shi ba. Naɗe robar awon jini take yi, idonta a ƙasa. Wannan ya fi komai ƙona shi.

"Noreen, yaga ta," ya ce, murya ciki-ciki. "Hanjina ne ya saki sinadarin. Na karya kafin in zo."

Delphine ta ajiye robar.

"Da me?" in ji Delphine.

"Donat. Biyu."

"Kuma ko ɗaya ba ka kawo min ba, Farfesa?"

Ba wanda ya yi dariya, shi kuwa ya kasa ɗaga kai.

Aka cire sakamakonsa daga binciken. Delphine ta yi ritaya a 2016, fayil ɗinta babu tabo.